Ƙwayar NAD+ da ake tallatawa: tana ƙara ƙarfi da gaske?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum. Ana ta tallar NAD+ a WhatsApp, wai yana kawar da gajiya, yana jinkirta tsufa. Wasu kwalaben an rubuta NMN, wasu NR. Abu ɗaya ne? Nawa ake sha? Don Babanmu nake tambaya, shekararsa 62, yana da ciwon suga.

Mai Kemis, Asawase:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. NAD+ sinadari ne da ke cikin kowace ƙwayar halitta, da shi jiki ke fitar da kuzari daga abinci, kuma yana raguwa in shekaru sun ja. Jiki da kansa yake haɗa shi daga bitamin B3. In aka haɗiye shi kai tsaye hanji ke farfasa shi, shi ya sa ake sayar da NMN da NR, waɗanda jiki ke mayarwa NAD+. An gwada NR daga miligiram 100 zuwa 1000 a rana, NAD+ na jini ya hau. Amma hawansa a jini daban, jin ƙarfi daban. A 2021, a Amurka, mata masu dab da kamuwa da suga sun sha NMN miligiram 250 kullum na mako 10. Tsokarsu ta fi jin insulin, amma sugan jini da nauyi ba su motsa ba. Zancen tsufa kuwa, yawanci a jikin ɓeraye aka gani.

Hajiya Nas:
Ɗana, kai Baba asibiti tukuna. A auna yawan jininsa, da HbA1c (gwajin matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya), da ƙoda. In ya daɗe yana shan maganin suga metformin a duba bitamin B12, don maganin yana rage shi, hakan kuma na kawo kasala da ɗaurewar ƙafa. Kuma kada a ce niacin, wani nau'in bitamin B3, ya fi araha a saya masa. Daga miligiram 30 zuwa 50 fuska kan yi zafi da ƙaiƙayi, mai yawa kuma yana ɗaga suga, yana taɓa hanta. Mai ciwon hanta ya kiyaye.

Malamin Sabon Zongo:
Abin da namiji ke buƙata na B3 miligiram 16 ne a rana, mace 14. Gyaɗa, kifi da kaza suna cike wannan. Na masara a ɗaure yake, jiki bai cika samunsa ba, don haka tuwo kaɗai ba zai wadatar ba. In likitan Baba ya yarda, ku duba lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, a jikin kwalba da ranar lalacewa. Zafi da danshi na ɓata maganin, wanda ya wuni a faranti cikin rana a kasuwar Kejetia ku bar musu kayansu.