Me Ya Sa Wata Mage Kyanwar Lami Ce, Wata Kuma Sai Yakushi?

A hirar da muka yi da masu kiwon mage, har da wani likitan dabbobi, an fi daɗewa a kan makonnin farko. Daga mako 2 zuwa na 7 ne 'yar kyanwa ke sabawa da mutum. Idan a lokacin ana ɗaukarta a hankali kullum, hannaye daban-daban, tana jin ƙarar turmi da hayaniyar yara, za ta tashi da sakin jiki. Wadda aka haifa a bayan rumbu, ba ta ga kowa ba sai da ta yi wata uku, da wuya ta yarda a taɓa ta. Wata baiwar Allah ta ce tata shekara biyu ke nan, tana jin sallamar baƙo sai ƙarƙashin gado.

Kada a raba 'yar kyanwa da uwa kafin mako 8, mako 12 ma ya fi. A wasa da 'yan uwanta take koyon sassauta cizo.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne gadon hali: 'ya'yan muzuru mai son mutane sun fi sakewa, ko da ba su taɓa ganinsa ba. Batun cewa launin mage ne ke nuna halinta kuwa, dariya kawai likitan ya yi.

Dandaƙa na rage wa muzuru yawo da faɗa. Mage mai haƙuri da ta fara huci rana ɗaya kuma, a duba haƙoranta da gaɓoɓinta, sau da yawa ciwo ne.