Wata takwas a Granada, har yau bakina ya ƙi buɗewa da Sifaniyanci

Baƙuwar Granada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, na rasa wanda zan faɗa wa ne. Watana takwas ke nan a Granada, kudancin Sifaniya, ina koyar da Turanci a wata makarantar yamma mai zaman kanta, irin wadda suke kira academia. Daga ƙarfe 4 zuwa 9 na dare nake aiki, Litinin zuwa Alhamis: ƙananan yara da farko, sai matasa masu shirin jarrabawar Turanci ta Cambridge, sai manya da suka taso daga aiki suna hamma. Kafin in zo na yi kwas ɗin CELTA na koyar da Turanci, mako 4 ba barci ba hutu, kuma da kuɗin yayana na yi, har yau ban gama biyansa ba, ko da yake bai taɓa tambaya ba, shirun nasa ma ya fi damuna.

Abin da ya sa na yi rubutun nan, ran Talata uwar wani ɗalibina ta zo ɗaukarsa, na ce bari in gaya mata ba ya aikin gida. Tun safe na haddace jimlar. Na faɗa, ta amsa da wata doguwar magana kamar ruwan sama, ko kalma uku ban tsinta ba. Ƙarshe yaron da na kawo ƙararsa, ɗan shekara 8, shi ya zama tafinta. Allah kaɗai ya san abin da ya gaya mata, don dariya ta yi ta shafa kansa suka tafi. Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata.

Kullum ina yin darasin Sifaniyanci a manhajar waya, kwana 200 da ɗoriya ban tsallake ba. Ina karanta allon hanya da takardar kanti. Amma a buɗe baki, sai kaina ya ɗauke wuta. Kwantiragina zai ƙare a Yuni, mai makarantar ta ce in dawo ƙarshen Satumba, Yuli da Agusta ba albashi. In ƙara shekara, in koma ƙaramin gari inda ba mai jin Turanci, ko in tattara in koma gida?

Ɗan Madrid:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, shekarata 11 a ƙasar nan, bari in gaya miki gaskiya ko za ta yi ɗaci. Kin zauna kina tattara maki a waya kamar mai wasan yara. Harshe a baki yake, ba a yatsa ba. Sannan kin ba mu labarin kuka da bashi, amma babban abu kin tsallake: da wace takarda kike zaune? Katin TIE ɗinki, wato katin zaman baƙi, yaushe zai ƙare? Da su wa kike zama a gida? Sai mun ji wannan tukuna.

Malama a Valencia:
'Yar uwa, kada ki ga laifin kunnenki. Inda kika sauka ne da wuya. Mutanen Andalus, yankin da Granada take, haɗiye harafin s suke yi a ƙarshen kalma, d ɗin tsakiya ma ba ta tsira ba: pescado, wato kifi, ya koma pescao, garin naku kansa Graná suke ce masa. Abin da wayarki ke koya miki daban, abin da ke fitowa daga bakin maƙwabta daban. Kuma mu Hausawa muna da sa'a ba mu sani ba. Wasulansu biyar ne, a e i o u, kamar namu. Namiji da mace a suna, wanda ke wahalar da Turawan Ingila, mu da shi muka tashi. R ɗin da ake kaɗawa a perro, wato kare, tana bakinmu tun yarinta. Inda za ki kula shi ne p da f kawai. Ki nemi Escuela Oficial de Idiomas, makarantar harsuna ce ta gwamnati, kuɗinta bai kama ƙafar na masu zaman kansu ba.

Baƙuwar Granada:
Yaya Ɗan Madrid, bizar karatu ce. Ina digiri na biyu na shekara guda, amma da Turanci ake koyarwa. Kati zai ƙare bayan na miƙa kundin bincike. A gida kuma mu uku ne, ni da wata 'yar Ireland da wata Ba'amurkiya, duk malamai. Ba wai zaɓa na yi don gudun harshen ba, su kaɗai suka amsa min saƙo lokacin da nake neman ɗaki. Manhajar kuma ba wasa ba ce, da ita na koyi duk abin da na iya.

Ɗan Madrid:
To ai ga ciwon nan. Safe Turanci a jami'a, yamma Turanci a aji, dare Turanci a kicin. Jikinki ne a Sifaniya, kunnenki bai taɓa zuwa ba. Ni da na zo, a bayan gidan abinci na fara, wanke kwanuka, ba mai jin ko kalma ɗaya ta Turanci. In ban gane ba a daka min tsawa. Wata shida na fara mayar da martani. Ki bar gidan nan a ƙarshen wata, ki nemi ɗaki wurin tsohuwa 'yar ƙasa mai son surutu, magana ta ƙare. Batun ƙauye kuwa ki manta, ba ɗalibai a can, yunwa za ta koro ki. Madrid za ki zo, nan aiki yake.

Malamin da ya gaji:
Ku kuna ta maganar harshe. Ni ina jin Sifaniyanci kamar me, me ya tsinana min? Talla sai ka ga an rubuta ana neman nativo, wato wanda Turanci ne harshensa na gado. A waya a yaba Turancinka, ka je a ga fuskarka a ga fasfo, sai a ce an riga an ɗauki wani. Inda na yi shekara biyu, rabin albashi a takarda, rabi a ambulan. Da aiki ya ƙare na je neman haƙƙina sai aka lissafa da rabin nan na takarda. Yaron da suka ɗauka a gurbina ko kwas ɗin koyarwa bai yi ba, fasfonsa ne kawai ya yi masa aiki. Ke dai ki duba takardar albashinki, awa nawa aka rubuta.

Hajiya Babba:
'Yata, ni ban san Granada ba, amma na san 'ya mace ita kaɗai a ƙasar mutane tana kuka a banɗaki. Kin je, kin gani, gani ya kori ji. Ki karɓi takardarki ki dawo cikin danginki. Ɗan ƙanwata haka ya yi ta cewa saura shekara ɗaya, yau shekara tara, mahaifiyarsa ta rasu bai samu jana'iza ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abincin ma ya kike yi da shi, ƙasar da aka ce naman alade har rataye shi suke a shaguna?

Baƙuwar Granada:
Hajiya na gode, Allah ya jiƙanta. Amma ba kullum nake kuka ba. Abinci ba matsala, akwai mahautan halal na 'yan Maroko, kifi kuma ko'ina. Akwai babban masallaci a unguwar Albaicín, an buɗe shi a 2003, daga farfajiyarsa kana kallon fadar Alhambra. Ranar da na fara sallar Juma'a a can, na tuna a 1492 mulkin Musulmi ya ƙare a garin nan, ga ni kuma ina jin kiran salla a cikinsa, sai da tsigar jikina ta tashi. Da can ko tasha ban taɓa zuwa ni kaɗai ba. Yanzu na sayi tikiti da kaina na tafi Cordoba, na ɓata a lunguna, na nemo hanya. Ban san ina da wannan zuciyar ba sai da na fito. Shi ya sa komawa yanzu nake ganin kamar na ajiye abu a rabi. Malam, takardata awa 20 aka rubuta, daidai da abin da nake yi. Yaya, barin gidan kuma ba zai yiwu yanzu ba, na ba da kuɗin ajiya, kuma abokan zaman nawa suna da kirki.

Ɗan Madrid:
Kirki ba ya koya harshe. Kin zo neman shawara ko neman a ce kin yi daidai? Bari in ƙara miki wani abu. Ɗalibin jami'a doka ta ba shi damar aiki har awa 30 a mako tun gyaran 2022, amma wannan damar a jikin karatun take. Karatu ya ƙare, ta ƙare. Mai makarantar da ta ce ki dawo Satumba, ta ce za ta yi miki takardun aiki? In kuma wani karatun za ki sake, sai kin nuna kina da yuro 600 na kowane wata. Ina za ki samo, ga bashi, ga wata biyu ba albashi?

Malama a Valencia:
Malam, a yi mata a hankali mana. Akwai izinin zama na neman aiki bayan kammala digiri, har wata 24, sai dai ba a aiki da shi sai an samu mai ɗauka an canza takarda. Ki je ofishin ɗaliban waje na jami'arku tun yanzu, samun ranar ganawa a ofishin baƙi kan ɗauki lokaci. Kuma ban yarda da zuwa Madrid ba, haya za ta cinye ta, Turanci kuma ya fi yawa a can. Lokacin zafi akwai sansanonin hutu na yara da ke ɗaukar malaman Turanci a Yuli, da ci da kwana. Ki yi rajistar DELE, jarrabawar Sifaniyanci ta cibiyar Cervantes, matakin B1 na tsaka-tsaki, takardarta ba ta tsufa. In kin biya kuɗi kin sa rana, dole ki buɗe baki.

Ɗalibin Larabci:
Ni abin da ya burge ni, kalmominsu da yawa daga Larabci suke. Azúcar sukari ne. Alcalde, wato magajin gari, tushensa ɗaya da alƙali namu. Ojalá da suke faɗa in suna fata, sunan Allah ne a ciki. Ni ma ina son zuwa, don Allah ya ake samun gurbin karatun?

Ɗan Madrid:
B1 ɓata kuɗi ne, ba mai tambayarta. B2 da ke sama da shi, ko a bari. Sansanin hutu kuma Turancin ne dai za ta yi ta yi daga safe har dare, an gudu ba a tsira ba.

Baƙuwar Granada:
Na karanta duka, na gode. Maganar takardun aiki ban tambayi mai makarantar ba, ina jin nauyi, kada ta ga kamar na cika buƙata. Makarantar gwamnatin zan duba, amma in ajin yamma ne ya ci karo da aikina. B2 kuwa, ni da yaro ɗan shekara 8 ke yi wa tafinta? Jiya dai na yi ƙoƙari a kantin burodi, na yi jimla biyu cikakku, matar ta amsa min da Turanci. Malama, tsohuwar da Yaya ke faɗa, a ina ake samun irinsu, kuma suna yarda da mai ɗankwali?

Malamin da ya gaji:
Ki tambayi mai makarantar takardun tun kafin Yuni. Ni ma nauyin na ji.

Hajiya Babba:
Yayan naki ya san kina tunanin ƙara shekara?