Neman shawara: GPS ɗina na nuna 1, amma turken gona na yawo

Ɗan Argungu: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka. Ƙungiyar manoman shinkafa ta ba ni awon gonaki 46 a fadama kafin rabon taki. Rabin kuɗin da aka ba ni ya tafi kan modul ɗin GPS NEO-M8N da eriya da ƙaramin allon kwamfuta na Arduino, shugaba kuma kullum sai ya kira. A layin GGA, wato saƙon da na'urar ke bayyana wuri da shi, gurbi na shida 1 ne, taurari 12, HDOP 0.8. Amma turken da na auna da safe, bayan magariba ya matsa mita 6. Ina kuskuren?

Injiniyan Jega: Wa alaikumus salam. Ƙanena, 1 ɗin nan cewa kawai ta yi an samu wuri ba tare da gyara ba. 0 babu komai, 2 akwai gyaran DGPS ko SBAS (gyara daga tashar ƙasa ko ta tauraro), 5 RTK (awo mai daidaito sosai da taimakon na'urar da ke tsaye) da bai zauna ba, 4 RTK da ya zauna, 6 ƙiyasi ne. HDOP kuwa ba mita ba ce, yadda taurari suka bazu a sama take nunawa. Takardar M8N ta ce mita 2.5 CEP, wato rabin awonka ne kaɗai zai faɗa cikin wannan da'ira. Ka bar GGA ka karanta UBX-NAV-PVT, saƙon kamfanin na'urar: fixType ya zama 3, gnssFixOK 1, sai ka dubi hAcc, ƙiyasin kuskuren wuri, a milimita take, 3000 mita 3 ke nan. In NMEA, tsarin su GGA, kake so, kunna GST, layin ƙiyasin kuskure, ba ya zuwa a kunne. 12 ɗin ma kada ta ruɗe ka, a saitin asali GGA ba ya wuce 12, numSV na cikin PVT ne zai gaya maka gaskiyar adadin taurari.

Safiyon Yawuri: Magaribar ce. A yankinmu da rana ta faɗi iyonosfiya, sashen sama da siginar ke ratsawa, kan hargitse, na'ura mai zango ɗaya irin taka ba ta iya cire wannan kuskure. Auna da safe, ka tsaya minti 10 kan kowane turke ka ɗauki matsakaici. Kuma kan tsarin awo na WGS84 take ba ka wuri, tsofaffin taswirori kan tsarin Minna suke, kada ka gwama. Abin haushi dai yanzu kowa ya sayi modul sai ya zama safiyo, rigimar iyaka kuma mu ake kira.

Mai gyara, Birnin Kebbi: Ina ka ɗora eriyar? Ba ka faɗa ba. Duba layin GSV mai nuna ƙarfin sigina: taurarin da ke tsakiyar sama su kai 40 dBHz ko fiye. In suna ƙasa da 30, ko eriyar ba ta samun wuta ko wayarta ta karye. Sa mata faifan ƙarfe kamar santimita 10 a ƙasa, ka nisanci rufin kwano. In ka ƙara GST ɗaga gudun aika bayanai daga 9600 zuwa 115200, kada layuka su riƙa yankewa.

Ɗan Argungu: Eriyar na kan akwatin babur, ina riƙe da shi a gefen turke. Yallaɓai safiyo, ban ce ni safiyo ba ne, awon taki ne ba takardar mallaka ba. Minti 10 sau kusurwa huɗu sau 46 kuma, ai sai damina ta wuce.

Injiniyan Jega: Matsakaicin minti 10 ma ba zai fisshe ka ba, kuskuren iyonosfiya a hankali yake sauyawa, shi za ka yi ta tarawa. Ita kanta hAcc ƙiyasin na'urar ne, in sigina na dawowa daga tankin babur sai ta ce mita 1.5 alhali ta wuce haka. Lissafa: gona mita 50 da 50, tsawo da faɗi kowanne ya ƙaru da mita 3, murabba'i 2500 ya koma 2809, kashi 12 cikin ɗari. Nemi modul ɗin RTK ZED-F9P biyu, ɗaya a tsaye ɗaya na yawo, ka jira gurbin ya nuna 4.

Safiyon Yawuri: Don taki? Tef da igiya sun ishe shi, Injiniya.

Ɗan Argungu: Kuɗin F9P babu, tef kuma sun ce ba sa so, taswira suke so a waya. Na karanta PVT yanzu, hAcc 2100. In ci gaba gobe?