Wace manhaja ce ta fi wajen gano furotin daga bayanan mas-sifek? Dafin kububuwa nake aiki a kai

'YarBayokem:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ina neman taimako, ina digiri na biyu ne kuma aikina a kan dafin kububuwa ne, wacce wasu ke cewa gobe da nisa, Echis ocellatus ke nan. Mun tura samfur wani dakin gwaji a waje an narka shi da tiripsin, sinadarin da ke yayyanka furotin, an saka a na'urar mas-sifek mai auna nauyin gutsattsarin furotin, samfurin Orbitrap suka ce, yanzu sun turo min fayil-fayil na .raw guda shida manya-manya kuma babu wani bayani sai takarda daya ta yadda suka yi aikin. Na sauke manhajar MaxQuant na dauko jerin furotin na Echis ocellatus daga UniProt, rumbun bayanan furotin na intanet, na saka, ta kwana tana aiki a laftof dina amma abin da ya fito bai taka kara ya karya ba, furotin 'yan kadan ne kuma wasu ma keratin ne na mutum. Malamina ya ce in gwada Mascot. To tambayata, Mascot din ta fi ne, ko akwai wata ta kyauta da ta fi duka?

Abu Hafsat:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Mascot tsohuwar hannu ce, kamfanin Matrix Science na Landan ke da ita tun 1999 kuma tana da kyau, sai dai wacce ke shafinsu ta kyauta sifektira, wato awon gutsattsarin da na'ura ta dauka, guda 1200 kawai take karba a bincike daya, fayil dinki guda kuwa zai iya kunsar dubbai masu yawa, kuma sai kin fara juya shi zuwa tsarin fayil na MGF da manhajar msconvert ta ProteoWizard. Cikakkiyar ta kudi ce. Ni dai FragPipe nake amfani da ita yanzu, injin cikinta MSFragger wanda aka yi a Jami'ar Michigan a 2017, gudunta ba a magana, kyauta ce ga 'yan jami'a, amma tana cin RAM sosai kuma sai kin saka Java. Idan laftof dinki 8GB ce za ki sha fama.

Malam Sifek:
Malama, kafin ki canza manhaja tsaya ki duba abin da kika ba ta. Duk wadannan, SEQUEST ta 1994 wacce ita ce uwarsu, Mascot, Andromeda da ke cikin MaxQuant, Comet, MSFragger, aiki daya suke yi. Manhajar ba ta karanta sunan furotin daga cikin fayil. Jerin da kika ba ta take dauka ta yayyanka shi a kwamfuta yadda tiripsin ke yanka, wato bayan K da R, biyu daga cikin amino asid, tubalan da ke gina furotin, ta lissafa nauyin kowane guntu da yadda zai farfashe, sannan ta kwatanta da abin da na'ura ta auna. Abin da babu shi a jerin ba za ta taba gano shi ba ko da ya cika kwalbar, kamar mai kiran suna a aji ne, yaron da ba a rubuta a rajista ba ko yana zaune a gaba ba za a kira shi ba.

Kuma dafin maciji a nan yake da wuya. Kububuwa ba kamar mutum ko bera ba ce da aka gama tattara furotin dinsu kaf, sannan dafin cike yake da 'yan gida daya masu kama da juna, wato dangogin furotin irin su SVMP wadanda su ne mafi yawa kuma su ke jawo zubar jinin nan da ake gani a wadanda ta sara, ga PLA2, ga masu kama da lektin, ga disintegirin, amino asid daya ya bambanta nauyin guntun ya canza, shi ke nan an rasa shi. Shi ya sa aikin da masu bincike na Libaful da Balensiya suka fitar a 2009 a kan wannan macijin sai da suka hada da bayanan RNA na jakar dafin kafin suka iya dora sunaye yadda ya kamata. Shawarata ki koma UniProt ki sauke na macizai duka, Serpentes, har da wadanda ba a tantance ba na sashen TrEMBL, kar ki tsaya a sashen Swiss-Prot da aka tantance kadai. Wani abu kuma, karamin jeri yana bata lissafin FDR din ma, wato kiyasin kason sakamakon da ba na gaskiya ba, domin manhajar tana juya jerin ta baya ne ta kirga sau nawa karya ta ci, idan jerin kankani ne iyakar kashi 1 cikin 100 da ake sa wa FDR din ba abin dogaro ba ce.

Keratin kuwa kar ya daga miki hankali, kowa na samu, fata ce da gashi da kurar daki. Ki bude fayil din proteinGroups.txt da MaxQuant ta fitar ki cire duk layin da ke da alamar + a Reverse da Potential contaminant.

'YarBayokem:
Allah Ya saka da alheri Malam, wallahi na Swiss-Prot kadai na dauko don an ce min su ne ingantattu. To saitin fa, in bar shi yadda yake?

Malam Sifek:
Amin. Ki karanta takardar da suka turo da kyau. Idan sun yi amfani da sinadarin iodoacetamide to saitin Carbamidomethyl a kan C, wato amino asid sistin, ya zama tabbatacce, yana kara nauyin 57.021 Da, wato dalton, ma'aunin nauyin kwayar sinadari, wannan ba wasa ba ne a dafi saboda furotin dinsa sun cika sistin, kika kuskure shi rabin aikinki ya tafi. Oxidation a kan amino asid M ki bar shi mai canzawa, yankan da tiripsin ya tsallake ki ba shi 2. Sai ki tambaye su a ina aka auna gutsattsarin, idan a Orbitrap ne ki sa iyakar kuskuren awo 0.02 Da, idan a ion trap ne, wani ma'aunin daban, wajen 0.5 Da, mutane da yawa nan suke zamewa.

Dakta H.:
Na yarda da Malam, kari daya zan yi. Bayan ta fadada jerin har yanzu za a samu sifektira masu kyau da ba su dace da komai ba, kar ta zubar da su don watakila nan sabon abin yake. PEAKS ta Kanada tana karanta jerin amino asid kai tsaye daga sifektira ba tare da jeri ba, ta kudi ce amma a tambayi dakin gwajin ko suna da lasisi, sai a dauki abin da ya fito a yi BLAST, wato a nemo masu kama da shi a rumbun bayanai, a tuna dai amino asid L da I nauyinsu daya ba ta raba su. Kuma kanwata idan kin zo rubutu ki ba da sakamakon a matakin dangin furotin, SVMP kaza PLA2 kaza, kar ki ce kin gano furotin na wani macijin Indiya a dafin namu don kawai guntu daya ya dace.

'YarBayokem:
Na gode Dakta. Na fara sauke na Serpentes yanzu, in wuta ta tsaya zan sake saka shi daren nan, na kuma tura musu tambayar ion trap din.