recvmsg na dawo da ENOBUFS a soket ɗin netlink, ina mafita?

Ɗan Kawo: Assalamu alaikum injiniyoyi. Akwai rauta mai Linux a nan Kaduna, da manhajar da ke sauraron RTNLGRP_IPV4_ROUTE, rukunin sanarwar canjin hanyoyin IPv4, ta soket ɗin netlink, wato kafar da kernel (zuciyar Linux) ke aika wa manhajoji saƙo. Duk sanda layin faiba ya yanke, BGP, tsarin da rautoci ke musayar hanyoyi da shi, ya sake lissafin hanyoyi, sai recvmsg, kiran karɓar saƙo, ta dawo da ENOBUFS, kuskuren rashin wurin ajiya, teburin manhajar ya saɓa da na kernel. In kunna NETLINK_NO_ENOBUFS ne, zaɓin da ke hana wannan kuskuren fitowa?

Injiniya Barnawa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kunna shi. Saƙonnin za su ci gaba da zubewa, labarin ne kawai ba zai iso maka ba.

Abu biyu ke jawo ENOBUFS. Ko dai ma'ajin karɓa na soket ya cika, ko kernel ya kasa samun wurin haɗa sanarwar a rtmsg_fib, aikinsa mai shirya sanarwar hanyoyi, sai ya kira rtnl_set_sk_err, mai ɗora kuskure kan soket, duk masu sauraron rukunin su samu kuskuren. Naka na farkon ne, kusan tabbas. Ma'ajin yakan fara da bayit 212992, alhali cikakken teburin IPv4 ya haura hanyoyi 900,000. Kuma da zarar ya cika, kernel ba ya ƙara saka maka komai sai ka kwashe layin saƙonnin da ke jira tas. Duba Drops a /proc/net/netlink, za ka ga adadin da ya salwanta.

Hajiya Kernel: Ƙara ma'aji da zaɓin SO_RCVBUFFORCE, don zaɓin da aka saba, SO_RCVBUF, ba ya wuce iyakar da aka sa a net.core.rmem_max. SO_RCVBUFFORCE ɗin sai da CAP_NET_ADMIN, izinin gudanar da sadarwa. Amma wannan rage ciwo ne, ƙanena, gyaran gaskiya shi ne sake daidaita teburin manhajar da na kernel. Da ka ga ENOBUFS, kada ka rufe soket. Kwashe abin da ke layi, sannan ka tura RTM_GETROUTE da NLM_F_DUMP, wato buƙatar cikakken jerin hanyoyi, ta wani soket na daban, ka karanta har NLMSG_DONE, alamar ƙarshen jerin. Sanarwar da ta shigo ana cikin haka ka ajiye ta, ka ɗora daga baya. Hanyar da ba ta fito a sabon jerin ba, goge ta.

Injiniya Barnawa: Gaskiyar Hajiya. Wani tarkon kuma: idan aka kashe katin sadarwa, kernel yana share hanyoyin IPv4 da ke kansa ba tare da RTM_DELROUTE, sanarwar goge hanya, ba. Dole ka saurari RTNLGRP_LINK, rukunin sanarwar katunan sadarwa, in IFF_UP, alamar kati na kunne, ta ɓace ka share su daga teburin manhajar da kanka.

Ɗan Kawo: Na gode, Allah ya saka. Zan fara da raba soket ɗin biyu.