Me za mu kira ɗan jirgin nan da kyandir ke tuƙawa?

Jama'a, suna nake nema, ku taya ni.

Ranar Asabar ni da yaran gida muka haɗa ɗan jirgin wasa da gwangwanin lemo, da bututun shan lemo guda biyu, da gam mai jure zafi, da guntun kyandir. Muka sa shi a baho ya kama tafiya yana ƙara. Sai auta ta ce, "Baba, yaya sunansa?" Na rasa abin faɗa mata sai sunan Turanci, pop-pop boat. Abin ya tsaya mini a rai.

Sai an san abu ake raɗa masa suna. Gwangwanin ake yankawa a ninke ya zama 'yar tukunya shafaffiya, a cusa bututun a ciki a liƙe, bakinsu ya fito ta bayan jirgin a ƙarƙashin ruwa. A ɗura ruwa har ya cika, a kunna kyandir a ƙasan tukunyar. Da ruwan ya tafasa, tururi zai tunkuɗo na cikin bututu waje da ƙarfi. Yana isa inda ke da sanyi sai ya koma ruwa, wuri ya samu, ruwan baho ya sake shigowa. Haka yake ta yi sau da yawa a daƙiƙa guda. Babban yaron ya tambaya, to in yana fitarwa yana zuƙowa, me ya hana shi tsayawa wuri ɗaya? Tambayar ta yi mini daɗi. Ruwan da ke fita yana wucewa baya kamar kibiya ya tura jirgin gaba, mai shigowa kuwa ko da ya ja jirgin baya, yana bugun cikin tukunyar sai ya sake tura shi gaba, shi ya sa turawar ta rinjayi ja. Ƙarar kuma bangon gwangwanin ne ke kumbura yana lotsewa.

Wani Bafaranshe, Thomas Piot, shi ya yi rajistar ƙirƙirar a Ingila a 1891. Charles McHugh na Amurka ya nemi tasa rajistar a 1915, kan mai bangon nan da ke ƙara. Turawan Ingila da Jamusawa da Japanawa duk daga ƙarar suka ciro suna.

Mu ma muna da wannan hanyar, ga kacau-kacau nan. Yaran tuni suka fara ce masa ɗan fat-fat, kuma ya zauna a baki. Sai dai akwai irin da ake yi da bututun jan ƙarfe a naɗe, shi shiru yake tafiya. Ka ga sunan bai ɗauke shi ba.

Wani malamin firamare ya ba ni shawarar jirgin tururi. Daidai ne ta fuskar ilimi, amma duk wanda ya ji, manyan jiragen teku na da zai tuna. Kwale-kwalen kyandir ya yi tsawo, kuma kwale-kwale da filafili aka san shi.

Ni dai na fi karkata ga jirgin kyandir. Haka muke cewa murhun gawayi, injin dizal, mu ambaci abin da ke ba shi wuta. Yana kuma zama kusa da motar kara da muka taso muna ƙerawa, yaro ba zai ji shi baƙo ba. Abin da ke cikinsa mu ce tukunyar tururi. Mai ƙarar a bar wa yara ɗan fat-fat ɗinsu.

Duk mai son gwadawa, babba ya yanka gwangwanin ya kuma riƙe ashana, domin gefensa na da kaifi. Kada a kunna wuta tukunyar ba ruwa, gam ɗin zai lalace.

'Yan'uwa na Yawuri da Agenebode da bakin Tafkin Chadi, ku da kuka fi mu sanin jirgi, in kuna da wani suna da kuka gada, ku kawo.