Shin ɗauko sojojin haya zai magance mana rashin tsaro?

Malamin Firamare, Gwarzo:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka fi ni bibiyar al'amuran ƙasashen waje. Tun da ɓarnar 'yan bindiga ta fara matsowa kusa da ƙauyukanmu da ke iyaka da Katsina, maganar da ta fi yawo a majalisu ita ce gwamnati ta daina jan ƙafa, ta ɗauko sojojin haya daga waje su share dazuzzukan nan a huta. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da abin da ya faru a Borno a farkon 2015, lokacin da aka ɗauko sojojin haya don yaƙar Boko Haram, suna kuma tunatar da mu cewa Gwamna Babagana Zulum da kansa ya nemi a yi hakan bayan kisan gillar da aka yi wa manoman shinkafa sama da 40 na Zabarmari a watan Nuwamban 2020. Wanda aka hana shi noma gonarsa, ko ya sayar da shanun huɗarsa don ya fanso ɗansa, ba zan ga laifinsa ba idan ya ce ko daga ina taimako zai zo yana maraba da shi.

Amma zuciyata ba ta kwanta da abin ba. Ina so in san su wane ne waɗannan kamfanoni, wane ne ke biyan su, kuma me ya faru a ƙasashen da suka riga mu gwada su. Abin da ya fi damuna shi ne: idan ɗan haya ya harbe wanda bai ji ba bai gani ba, gaban wa iyalansa za su kai kuka?

Ɗalibin Tarihi, Ɗanbatta:

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarku ta ƙarshe zan fara ɗauka, domin Iraƙi ta riga ta amsa ta. Ranar 16 ga Satumban 2007, masu gadi na kamfanin Blackwater, wanda Erik Prince ya kafa, suka buɗe wuta a dandalin Nisur da ke tsakiyar Bagadaza, suka kashe fararen hula 17, ciki har da yaro ɗan shekara tara da ke zaune a motar mahaifinsa. Kotun Iraƙi ba ta da ikon taɓa su, saboda tun 2004 Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya riƙe ƙasar bayan kifar da Saddam, ya sa hannu a kan doka mai lamba 17 da ta kare 'yan kwangilar waje daga shari'ar Iraƙi. Sai a 2014 wata kotu a Amurka ta sami huɗu daga cikinsu da laifi, bayan an kwaso shaidu daga Bagadaza zuwa Washinton, sannan a watan Disambar 2020 Shugaba Trump ya yafe musu duka huɗun. Shi kuwa kamfanin tun kafin nan ya sauya suna zuwa Xe, daga baya ya koma Academi, ya ci gaba da karɓar kwangila.

Sai dai ina roƙon kada mu tsaya ga masu riƙe da bindiga kaɗai, domin babban kuɗin ba a hannunsu yake ba. Yana hannun masu dafa wa sojoji abinci, da masu jigilar mai, da masu gina sansani, da masu ƙera makamai. Kamfanin KBR, wanda har zuwa 2007 reshe ne na Halliburton da Dick Cheney ya shugabanta daga 1995 zuwa 2000 kafin ya zama mataimakin shugaban ƙasa, ya sami kwangilolin da aka ƙiyasta sun kusa dala biliyan 40 a yaƙin Iraƙi. Da yawa daga cikin irin waɗannan kwangiloli an tsara su ne a kan cewa duk abin da kamfani ya kashe za a mayar masa, sannan a ɗora masa riba gwargwadon kuɗin aikin. Ku duba da kyau, Malam. Da a ce ka kira mai haƙa rijiya ka ƙi yin jinga da shi, ka ce masa kullum ya faɗi abin da ya kashe ka biya shi ka ƙara masa kaso a kai, yaushe kake tsammanin zai tarar da ruwa? Kwamitin da majalisar Amurka ta kafa don binciken kwangilolin yaƙi ya bayyana a 2011 cewa tsakanin dala biliyan 31 zuwa 60 sun salwanta ta hanyar almubazzaranci da zamba a Iraƙi da Afganistan.

Akwai kuma wata fa'ida da 'yan siyasa suke samu wadda ba a cika faɗa ba. Idan soja ya mutu, ana kai gawarsa gida lulluɓe da tuta, jaridu su ƙirga, iyaye su yi tambaya. Idan ɗan kwangila ya mutu, musamman idan talaka ne da aka ɗauko daga Yuganda ko Nefal yana gadin ƙofar sansani, ba ya shiga lissafin. A Afganistan 'yan kwangilar da suka mutu sun fi sojojin Amurka da suka mutu yawa, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa yaƙin ya iya kai shekara 20 ba tare da jama'arsu sun tayar da ƙayar baya ba. Shugaba Eisenhower, wanda janar ne da ya jagoranci dakarun ƙawance a yaƙin duniya na biyu, ya gargaɗi mutanensa tun a jawabinsa na bankwana a Janairun 1961 game da haɗin bakin rundunar soja da masana'antun makamai. Bayan shekara 60, Lloyd Austin ya tashi daga hukumar daraktocin kamfanin makamai na Raytheon ya zama sakataren tsaro.

Tsohon Soja, Birnin Kudu:

Yaro, ka yi karatu kuma ban ƙaryata ko ɗaya daga cikin abin da ka kawo ba, amma ka yi magana kamar wanda bai taɓa kwana a rami yana jiran harsashin da aka ce yana hanya ba. Na yi aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Saliyo, don haka bari in faɗi abin da ya kamata a ɗora a ɗaya gefen sikelin. A 1995 'yan tawayen RUF, masu yanke wa mutane hannu, sun kusa shiga Firitawun, babban birnin ƙasar. Gwamnati ta ɗauko kamfanin Executive Outcomes na Afirka ta Kudu, kuma cikin 'yan watanni mutane 'yan ɗaruruwa suka kore su daga bakin birnin, suka ƙwato yankin Kono mai lu'ulu'u, har aka samu aka yi zaɓe a 1996. Wanda aka tsare masa hannunsa a wannan shekarar ba zai saurari laccar kowa a kan sharrin sojan haya ba.

Haka ma a Borno. Eeben Barlow, wanda ya kafa wancan kamfani, shi ne ya zo da wani kamfanin sojan haya mai suna STTEP a zamanin Jonathan, suka horar da wata runduna ta musamman, kuma a cikin makonni shida da aka ɗage zaɓen 2015 aka ƙwato Bama da Gwoza. Sai dai masu ba da labarin a majalisa suna mantawa da cewa a daidai wannan lokacin sojojin Chadi sun shigo ta Gamboru da Dikwa, sannan yaranmu ne suka yi yawancin faɗan da zarar kayan aiki sun iso hannunsu.

Inda nake rabuwa da masu kiran a ɗauko su shi ne abin da ke biyo bayan tafiyarsu. Executive Outcomes sun bar Saliyo a Janairun 1997, a watan Mayu aka hamɓarar da Shugaba Kabbah, kuma mu ne muka je muka mayar da shi kan kujerarsa a 1998, da jinin 'ya'yan Najeriya. Ɗan haya yana iya ƙwato gari, amma ba ya zama ya riƙe shi, domin ranar da kuɗi ya yanke ranar yake naɗe kayansa. Kowa ya ga yadda jiragen yaƙin Afganistan suka fara zama a ƙasa a 2021 da zarar 'yan kwangilar da ke gyara su sun tafi, kuma ba a rufe wata uku ba Kabul ta faɗi. Ni na riƙe bindigar da ke cijewa bayan harbi kaɗan, alhali a takarda an ce an sayo sababbi. Kuɗin da za a ba baƙo a dala, da a ce ya isa hannun sojan da ke daji a matsayin harsashi da takalmi da alawus a kan lokaci, da maganar haya ba ta taso ba. Amma ƙasar da har yau ba a kammala shari'ar zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na makamai ba, wane ne zai tsare mata kwangilar sojan haya, wadda a asirce ake ƙulla ta?

'Yar Kasuwa, Maigatari:

Baba, Allah ya ƙara girma, ya saka muku da alheri a kan wahalar da kuka sha. Ni abin da zan ƙara ya shafi manufofin manyan ƙasashen ne, domin mu da muke bakin iyaka a jikinmu muke jin su. Bindigogin da suka cika yankin Sahel ba daga sama suka faɗo ba. A 2011 ƙungiyar NATO ta yi ruwan bama-bamai a Libiya da sunan kare fararen hula, aka kashe Gaddafi a watan Oktoba, aka bar rumbunan makamansa a buɗe, kuma kafin tsakiyar 2012 arewacin Mali ya suɓuce daga hannun gwamnati. Obama da bakinsa ya ce a 2016 rashin shirin abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne kuskure mafi muni a mulkinsa. Waɗanda suka kunna wutar su ne kuma suka dawo da tayin kashe ta: Faransa ta kawo dakarunta Mali a 2013 ta yi shekara tara, Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas da kuɗin da ya haura dala miliyan 100, ta kuma kwashe kayanta a 2024. Ban ji wani Bazinde ko Bamaradi da muke ciniki da shi ya ce hanya ta fi aminci a ƙarshen waɗannan shekaru fiye da farkonsu ba.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa na Rasha sun fi tsarki, domin na lura matasanmu suna ɗokinsu kawai saboda haushin Faransa. Sojojin hayar kamfanin Wagner na Rasha sun shiga Mali a ƙarshen 2021. A watan Maris na 2022, a garin Mura, ranar kasuwa, jirage masu saukar ungulu suka sauke sojojin Mali tare da waɗansu fararen fata, aka tsare garin kwana biyar ana ware maza, kuma binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe mutum aƙalla 500, yawancinsu ba su ɗauke da makami. Gari ne na makiyaya da 'yan kasuwa irin namu. Duk ranar Alhamis idan na ga karar Maigatari ta cika da Fulani da Buzaye, kowa da rawaninsa da sandarsa, ina tambayar kaina ta yaya baƙon da bai jin Hausa bai jin Fulatanci zai bambanta dillalin shanu da ɗan bindiga. Sojojinmu ma da suka san ƙasar sun jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri a Disambar 2023, amma aƙalla an san ƙofar da za a buga, har shugaban rundunar sojan ƙasa ya je ya ba da haƙuri. Su kuwa Wagner, a Afirka ta Tsakiya da Sudan an biya su da haƙƙin haƙar zinariya da lu'ulu'u, sannan mai kamfanin, Prigozhin, ya juya tankokinsa ya nufi Mosko a Yunin 2023. Wanda bai ji kunyar uban gidansa ba, ban ga dalilin da zai ji tamu ba, ga shi kuma Zamfara tana da zinariya.

Na ga abin da barazanar yaƙi kaɗai ta yi mana bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. An rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, motocin kaya suka yi layi rana tana dukan su, masu lodi da 'yan kamasho suka koma zaman kashe wando, kanwa da dabino suka yi tsada, alhali ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Ɗalibin Tarihi, Ɗanbatta:

Baba, na karɓi gyaranku a kan Saliyo, kuma Hajiya ta taɓo inda nake son zuwa. Mu ma ƙasar nan kamfani ne ya fara shigo mana da runduna. Royal Niger Company ta George Goldie ta sami izinin Ingila a 1886, tana da sojojinta na kanta waɗanda yawancinsu 'yan ƙasa ne da ake biya albashi, da su ta ci Bida da Ilori a 1897, sannan a ƙarshen 1899 gwamnatin Ingila ta biya ta fam 865,000 ta karɓi yankin. Shekara uku bayan haka Kano ta faɗi, Haɗeja kuma a 1906.

Malam, idan masu kiran a ɗauko sojan haya sun sake tayar da maganar, ku tambaye su abu uku kafin a kai ga batun ƙarfin bindiga: da me za a biya su, a wace kotu za a gurfanar da su, kuma wane ne zai riƙe dajin bayan sun tafi. Baba, ku da kuka ga abin da idonku, lokacin da kuka isa Saliyo mutanen Kono sun ce muku wane ne ke riƙe da ramukan lu'ulu'un?